Katin tsuntsun wuta a jakar gwanjo: dukiya ce ko takarda?

Baban Khalifa, Malali:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san kan abin nan ya fahimtar da ni. Na sayo wa yarona jakar makaranta ta gwanjo a Kasuwar Barci. Da aka zo wanke ta sai uwarsa ta ji wani abu mai tauri a aljihun ciki, wanda zif ɗinsa ya maƙale. Da aka samu ya buɗu sai ga katuna a ɗaure da robar kuɗi, duk na Pokémon, wasan yaran nan na Japan mai halittun zane. Guda ɗaya ya fita daban: tsuntsu ne ruwan ɗorawa, kansa da fukafukansa da jelarsa duk harshen wuta, bayan hoton yana ƙyalli in ka karkata shi. A sama an rubuta Moltres da 70 HP, can ƙasa a kusurwar dama kuma 12/62. Ɗan yayata da ke jami'a ya gani ya ce kada in bari yaro ya ƙara taɓawa, wai irinsu miliyoyi ake saye a Turai. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Ga hotonsa nan gaba da baya.

Sadiq Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kakarka ta yanke saƙa! Wallahi akwai wani Ba'amurke da ya sayi kati ɗaya tak a kan dala miliyan biyar da wani abu. Ka ɓoye shi da kyau, kada kowa ya sani a unguwa.

Abba Mai Gem, Barnawa:
Sadiq, don Allah a bi a hankali, kada a ɗaga wa bawan Allah hankali a kan abin da ba haka yake ba. Labarin da ka kawo gaskiya ne, amma ba wannan katin ba ne. Logan Paul ne ya sayi katin da ake kira Pikachu Illustrator a 2021 a kan dala 5,275,000. Shi wannan ba a taɓa sayar da shi a shago ba, kyauta aka ba waɗanda suka ci gasar zane a Japan a ƙarshen shekarun 1990, duka-duka kimanin 40 aka raba. Shi ya sa ya yi wannan tsada.

Na hannun Baban Khalifa kuwa na san shi sarai. Moltres ne na rukunin da ake kira Fossil, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da Turanci a watan Oktoba na 1999. Katuna 62 ne a rukunin, shi ne na 12, abin da 12/62 ke nufi ke nan. Akwai ɗan'uwansa mai hoto iri ɗaya amma marar ƙyalli, shi ne 27/62. Mitsuhiro Arita ne ya zana, in ka duba ƙasa ta hagu za ka ga sunansa da ƙananan haruffa. Kati ne mai kyau, masu tarawa suna son sa, amma an buga shi da yawan gaske, lokacin da yaran Amurka da Turai suka haukace a kan Pokémon.

Baban Khalifa, Malali:
Na gode Abba. Na ga sunan kuwa. To amma yaya zan gane na ainihi ne? Ka san jabu ya cika gari.

Abba Mai Gem, Barnawa:
Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan, Yallaɓai. Katunan da ake sayar wa yara a shagunan kayan wasa a garin nan, galibinsu jabu ne, kana riƙewa ka ji su kamar kwalin magani. Amma naka daga jakar waje ya fito, don haka akwai sa rai.

Da daddare ka kashe fitila, ka kunna tocilan ɗin waya, ka ɗora katin a kai. Na ainihi yana da wani siririn baƙin shafi a tsakiyar takardar, saboda haka haske ba ya ratsa shi sosai. Jabu kuwa za ka ga hasken ya keto har hoton baya ya bayyana. In kana da gilashin ƙara girma, duba gefen katin, za ka hango layin nan mai duhu tsakanin farare biyu. Wasu a intanet yaga kati suke yi don su nuna shi, kai kada ka kuskura. Sai ka auna: faɗinsa santimita 6.3, tsawonsa 8.8. Sai rubutu: na jabu yakan yi kauri ko ya dushe, wani lokaci har da kuskuren haruffa, kuma sau da yawa suna mance 'yar alamar nan da ke kan harafin e na Pokémon. Shuɗin baya kuma na ainihi yana da zurfi, gefensa da tsakiyarsa ba launi ɗaya ba ne, na jabu yakan yi fari-fari.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ke raba farashi: duba ƙasan hoton ta hannun hagu. In akwai ɗan baƙin tambari mai lamba 1 a ciki, to bugun farko ne. A hoton da ka turo ban gan shi ba, amma hasken ya ɗan kashe wurin.

Baban Khalifa, Malali:
Na gwada. Haske bai ratsa ba sai ɗan kaɗan, layin ma na gan shi. Tambarin lamba 1 kam babu.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
To tunda na ainihi ne, ka kai shi shagon masu hoto a yi masa laminetin kamar takardar shaida, ya huta da ruwa da kyankyaso.

Abba Mai Gem, Barnawa:
A'a Hajiya, don girman Allah kada a yi! In aka liƙa masa leda da injin zafi, an gama da shi a wurin masu saye, ko sisi ba zai yi ba, domin ba ta ɓarewa sai da fuskar katin. 'Yar leda mai taushi ake zura shi a ciki, sannan a sa a wata mai tauri. In babu, a sa shi tsakanin kwali biyu masu tsabta, a ajiye a akwati mai murfi. Ga damina, laima tana lanƙwasa masu ƙyallin nan. A jefa 'yar ƙullin nan mai ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi a cikin akwatin, tana shan laima. Kada a bar shi a taga ko a gaban mota, rana tana kashe launin. Robar nan kuma a cire ta daga sauran yanzu-yanzu.

'Yar Kaduna a Ingila:
Sannunku da hira. Ni a nan yarana suna wannan harka, har an taɓa ja na wurin baje kolinsu, don haka bari in sa baki. Baban Khalifa, na ƙara girman hotonka na duba. Kusurwoyin baya biyu sun yi fari, gefen hagu akwai shatar da robar ta yi, kuma kamar akwai ƙarce a kan ƙyallin. Wannan katin an yi wasa da shi, yaro ya riƙe shi ya ji daɗinsa. A wurin masu saye kuwa waɗannan ƙananan abubuwa su ne komai.

Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, mafi shahara shi ne PSA a Kalifoniya. Za ka aika musu, su duba kusurwa, gefe, fuska, da daidaiton hoton a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai tauri da lamba. Farashin da kuke ji a labarai na masu maki 10 ne. Misali wani katin mai suna Charizard, bugun farko mai maki 10 an sayar da shi dala 420,000 a 2022. Amma Charizard ɗin da ya sha hannu, wanda ba bugun farko ba, ko kusa bai je nan ba. Moltres irin naka, a wannan hali, maganar 'yan gomomin dala ake yi, in ya yi sa'a. Kada ka dubi kuɗin da mutane ke sa wa kayansu a eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ka shiga wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar, ka rubuta Moltres 12/62, a nan za ka ga gaskiya.

Sadiq Rigasa:
To ai ko dala talatin ce, in aka canja ta a yau ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ya aika PSA ɗin mana, wa ya sani ko ya ci goma.

'Yar Kaduna a Ingila:
Ƙanena ba zai ci ba. Kati mai farin kusurwa ba ya cin goma, ko tara. Ka lissafa kuɗin aikawa daga Kaduna zuwa Amurka, kuɗin tantancewa, kuɗin dawo da shi, sannan la'adar dandalin da za a sayar. Kafin a je ko'ina an cinye kuɗin katin an shiga aljihu. Kuma matsalar da ta fi wannan ita ce mai saye. A nan kowane gari akwai shagon katuna. A Kaduna wa zai taya? Abin da babu mai tayawa, farashinsa a waya kawai yake.

Kawu na Kawo:
'Yata kin faɗi gaskiya. Ni na tara kan sarki da tsofaffin kuɗi tun ina saurayi. Ina da anini da kwabo mai huda, da sisi da sule na kafin a koma naira a 1973. Lokaci-lokaci sai yaro ya zo da gudu ya ce Kawu an ce ana sayen kwabo mai huda miliyan kaza. In ce masa je ka kawo mai sayen. Har yau ban ga wanda ya dawo ba. Amma ban taɓa jin na yi asara ba, domin ba don sayarwa na tara ba. In jikokina suka zo nakan zube musu a tabarma in ce wannan shi ne kuɗin makarantarmu, wannan da shi ake sayen ƙosai. Tsuntsun nan ma da na gan shi sai ya tuna mini da Fufunda, sarkin tsuntsaye da ake ba mu labarinsa a tatsuniya. Abba, su a wurinsu mene ne labarinsa?

Abba Mai Gem, Barnawa:
Kawu, su uku ne tsuntsayen almara a wasan bidiyon Pokémon na farko da ya fito a Japan a watan Fabrairu na 1996, a kan na'urar Game Boy. Articuno na ƙanƙara, lamba 144, Zapdos na tsawa, 145, sai Moltres na wuta, 146. Kowanne guda ɗaya ne a duk wasan, in ka kashe shi ko ka bar shi ya wuce maka ba ka samun wani, shi ya sa yara ke ji da su. A labarin wasan an ce bayyanar Moltres alama ce ta cewa sanyi ya kusa wucewa. Daga baya aka ƙaro wani tsuntsun wutar mai suna Ho-Oh, lamba 250, mutane kan rikita su. Katunan kuwa a watan Oktoba na 1996 aka fara buga su a Japan.

Alhaji Mai Dila, Tudun Wada:
Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Mu da ke buɗe dila a Kasuwar Barci, abin da muke tsinta a aljihu ba ya ƙirguwa: makulli, hoto, tikitin jirgin ƙasa, wani sa'in har kuɗin waje. Ƙa'idar da muka taso a kai, kafin a rataye kaya yaran shago suna lalube. Wanda ya kuɓuce ya tafi da mai saye, rabonsa ne, ba na bin sa. Amma ni dai da wani ya dawo ya ce Alhaji ga abin da na samu a jakarka, da na ji daɗi har raina, ko ban karɓa ba.

Sadiq Rigasa:
Haba Alhaji, ya biya kuɗinsa an sallama masa. Me kuma zai koma yi?

Almajirin Malam, Tudun Nupawa:
Sadiq, jaka aka taya, jaka aka sallama. Mai shago bai san da katunan ba, mai saye ma bai sani ba, don haka cinikin bai faɗa a kansu ba. Shi yaron da ya mance su can a ƙasar waje, babu hanyar samunsa. Abin da ya rage shi ne mutumin da ka karɓi jakar daga hannunsa. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da ya fi kwanciyar rai shi ne a je a gaya masa, a gaya masa kuma abin da aka ji game da darajarsu, ba a ce 'yan takardun yara ne kawai ba. In ya yafe, ya halatta babu ɗar. Tafiyar Malali zuwa Tudun Wada ba ta kai a zauna da shakka ba.

Baban Khalifa, Malali:
Na bi shawarar Malam. Na je da katunan gaba ɗaya, na karanta wa mai shagon abin da Abba da Hajiya ta Ingila suka rubuta. Ya jujjuya tsuntsun a hannu, ya ce shi bai ga abin da zai yi da shi ba, ya bar wa Khalifa duniya da lahira. Na saya masa goro muka rabu lafiya.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Madalla, Allah ya saka masa. To ni yanzu ga damuwata, tunda an zo wurin. Ina koyarwa a firamare, kuma katunan nan sun shigo mana aji. Yaro zai hana cikinsa abincin tara ya sayi fakiti a rufe, yana fatan ya samu mai ƙyalli. In bai samu ba gobe ya ƙara. Na kama wasu a bayan aji suna buga kati a ƙasa, wanda nasa ya kife ya rasa shi. Akwai yarinyar da ta yini tana kuka saboda an yi mata wayo an karɓe mai kyau an ba ta tarkace uku. Malam, wannan ba caca ba ce? Ni har na ji an ce Saudiyya ta haramta.

Almajirin Malam, Tudun Nupawa:
Haka ne Hajiya, a 2001 malaman fatawa na Saudiyya sun haramta wasan Pokémon da katunansa. Cikin dalilan da suka kawo akwai caca, akwai kuma batun halittun da ke rikiɗa daga wani abu zuwa wani, wanda suka danganta da ra'ayin Darwin. Abin da kika gani a bayan aji kuwa, wanda aka cinye ya rasa katinsa, wannan caca ce ƙarara, ko da marfin kwalba ake yi. Fakitin da ke rufe shi ne wurin da nake jin tsoro: ka ba da kuɗi sananne a kan abin da ba ka sani ba, kana fatan sa'a. Shari'a ta hana cinikin garari, wato wanda ake cikin duhun abin da ake saye.

Alhaji Mai Dila, Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan ja. In haka ne, ni ma sana'ata ta shiga ciki ke nan? Dila a ɗaure take da waya nake sayenta, ba a buɗe mini. Wata rana in buɗe in samu kaya masu kyau in ci riba, wata rana rabi tsumma. Haka iyayenmu suka yi, malamai kuma suna sayen kaya a hannunmu.

Almajirin Malam, Tudun Nupawa:
Tambaya mai ƙarfi, Alhaji. Amma kai ka san nauyin dilar, ka san ta riguna ce ko ta jakunkuna, ka san lambarta ta ɗaya ce ko ta biyu, kuma duk abin da ya fito yana da amfani, sai dai wani ya fi wani. Rashin sanin da ya rage kaɗan ne, irin wanda ake yafewa don buƙata. Shi kuwa yaro ba katunan yake so ba, guda ɗaya yake farauta, sauran zubarwa yake yi. Niyyar ce ta bambanta.

Abba Mai Gem, Barnawa:
Malam, da girmamawa, ni ma ina da ja. Fakitin ma an san abin da ke ciki. A zamanin katin nan, kowane fakiti katuna 11 ne, ɗaya daga ciki dole mai tauraro ne, wato marar yawa, kuma kusan fakiti ɗaya cikin uku ne ke zuwa da mai ƙyalli. Sannan mutane sun mance cewa abin nan wasa ne mai dokoki, ba hoto ba ne kawai. Mutum biyu ke zama, kowa da katuna 60, ana lissafi ana tsara dabara. Dubi Moltres ɗin nan: harinsa na biyu yana cin maki 80, amma sai ka tara masa katunan ƙarfin wuta huɗu, sannan a jefa kwabo, in ya faɗi ta baya harin ya tashi a banza. Dole mai wasa ya auna ko ya dace ya zuba ƙarfinsa a kansa. In an gama kowa ya kwashe katunansa ya tafi gida, babu wanda ya ci na wani. Yaron da ya iya wannan yana koyon karatu da lissafi ba tare da ya sani ba. Matsalarmu a nan, katunan sun iso amma dokokin ba su iso ba, sai yara suka ƙirƙiro nasu, suka mai da shi ci-da-ci.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Abba, na yarda akwai wasan kirki a ciki. Amma kamfanin ba don lissafi yake ɓoye mai ƙyalli ba. Sun buga katuna sama da biliyan 60, sun san sarai abin da ke sa yaro ya koma shago. Kuma mu a nan jabu ma yaran ke zuba wa kuɗi, wanda ko darajar ajiya ba shi da ita. Ni abin da nake gani a aji nake faɗa: yunwa, rigima da kuka.

'Yar Kaduna a Ingila:
Hajiya, ba ku kaɗai ba ne. Makarantu da dama a nan da Amurka sun hana shiga da katunan tun wajen 1999 da 2000, saboda irin wannan rigimar. Ni abin da na yi a gidana, na daina sayen fakiti. In yaro yana son wani kati, mu neme shi shi kaɗai, mu ga hotonsa da farashinsa, ya tara daga kuɗin kashewarsa ya saya. Musaya kuma sai a gabana.

Almajirin Malam, Tudun Nupawa:
Wannan hanyar ba ni da ja a kanta ta fuskar ciniki: an ga kaya, an san kuɗi. Fakiti a rufe dai ina nan a kan bakana, Abba, ko da an san adadin. Zan kai wa malaminmu tambayar bayan karatun Asabar, har da ta dilar Alhaji, in kawo muku amsarsa yadda ya faɗa.

Alhaji Mai Dila, Tudun Wada:
Ka gaya masa da kyau cewa mu ma akwai masu sayen dila don farautar jaka ɗaya mai suna, kada a rage komai a tambayar.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Ni kuma zan ɗaga maganar a taron iyaye da malamai na wannan zangon. Abba, in shugabar makaranta ta amince, za ka iya zuwa ranar Juma'a bayan an tashi ka nuna wa 'yan aji biyar da shida yadda ake wasan na gaskiya? Amma da sharaɗi: babu saye, babu musaya a harabar makaranta.

Abba Mai Gem, Barnawa:
Zan zo Hajiya. Ina da jeri biyu na katuna 60 da na haɗa, sun isa a koya wa yara bibbiyu. Ki turo mini lokacin ta akwatin saƙo, kuma a samo mana tebur mai faɗi da kwabo ɗaya.